Sojojin Afirka ta Yamma a Yaƙin Duniya na Ɗaya da Hanyoyin Gano Sunayensu

Sojojin Afirka ta Yamma a Yaƙin Duniya na Ɗaya su ne mayaƙa da 'yan dakon da Turawan mulkin mallaka suka ɗauka daga ƙasashen da a yau ake kira Najeriya, Ghana, Saliyo, Gambiya, Nijar, Chadi da Kamaru, suka tura su fagen daga tsakanin 1914 da 1918. Waɗanda ke ƙarƙashin Birtaniya suna cikin rundunar da ake kira West African Frontier Force, wadda aka fara haɗa ta a 1897 a hannun Lugga, kuma Hausa ce harshen da hafsoshi ke ba da umarni da shi a barikokin Najeriya da na Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Tarihin yaƙin ya adana sunayen hafsoshin Turawa da ranar mutuwarsu da wurin da aka binne su, amma mafi yawan baƙaƙen fatar da suka yi yaƙin sun saura a matsayin adadi kawai, shi ya sa gano ko su wane ne ya zama fannin bincike mai zaman kansa.

Fagagen da suka yi yaƙi

Fage na farko shi ne Togo, inda sojojin Gwalkwas da na Faransa suka nufi tashar wayar iska ta Jamusawa da ke Kamina, Jamusawa kuma suka miƙa wuya ranar 26 ga Agusta 1914. Kamaru ta fi wuya nesa ba kusa ba. Rundunar da ta tashi daga Yola ta kai wa Garwa hari a ƙarshen Agusta 1914, aka kore ta da asara mai yawa, har kwamandanta Laftanar Kanar Maclear ya mutu a wurin, kuma garin bai faɗi ba sai a watan Yuni 1915. Banyo ta faɗi a Nuwamba na wannan shekara, Yawunde a ranar 1 ga Janairu 1916, amma Kyaftin von Raben na Jamus da askarawansa sun riƙe dutsen Mora har zuwa 18 ga Fabrairu 1916.

Bayan haka aka kwashi birged guda ta Najeriya a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas, ta sauka Darussalam a Disamba 1916 ƙarƙashin Birgediya Cunliffe. A bakin kogin Rufiji, damina ta yanke hanyar abinci, yunwa da zazzaɓi suka yi wa sojoji ɓarna, sannan a gumurzun Mahiwa na watan Oktoba 1917 birged ɗin ta yi asarar mutane da yawa a hannun dakarun kwamandan Jamusawa von Lettow-Vorbeck.

Dalilin ɓacewar sunaye

Matsalar ta fara ne tun daga teburin ɗaukar kurata. Magatakarda yakan tambayi saurayi sunansa, ya rubuta yadda kunnensa ya ji, sannan ya liƙa masa sunan garinsu ko na ƙabilarsa a madadin sunan mahaifi. Ta haka rajista ta cika da irin su Musa Kano, Garba Sakkwato, Audu Bauci, a Gwalkwas kuwa sunaye suka riƙa ƙarewa da Moshi, Dagomba, Grunshi ko Fulani. A bataliya ɗaya ana iya samun mutum biyar ko shida masu suna iri ɗaya, babu abin da ya raba su sai lambar soja. Rubutun ma ba shi da ƙa'ida: Muhammadu na iya fitowa a matsayin Momo a takarda ɗaya, Mama ko Momadu a wata, Abdu ya koma Abudu, alhali mutum ɗaya ake nufi.

Sunan garin ma ba koyaushe yake nuna asali ba. Daga cikin waɗanda suka shiga soja akwai bayin da suka gudu daga iyayengijinsu da waɗanda suka bar gida ba da yardar iyaye ba, kuma irin waɗannan ba sa son a bi sawunsu, sai su ba da sunan garin da aka ɗauke su ko wanda suka yi ci-rani a cikinsa. Haka kuma kalmar "Hausa" a bakin Turawan wancan zamani ta haɗa duk wanda ke jin harshen, ko Babarbare ne, ko Banufe, ko Bazabarme.

'Yan dako su ne abin ya fi shafa. Yawansu ya zarce na masu riƙe da bindiga, domin a dazukan Kamaru da Afirka ta Gabas ƙudan tsando ba ya barin dabbar kaya, saboda haka harsashi da abinci da sassan igwa duk a kan mutane suke tafiya. Da yawa daga cikinsu ta hannun sarakuna da hakimai aka tattaro su, wasu ba da son ransu ba, kuma idan ciwo ya kashe ɗaya a hanya ba lalle ne a rubuta sunansa ba.

Bayan yaƙi, hukumar kula da kaburburan sojojin daular Birtaniya ta ɗauki ƙa'idar cewa kowane mamaci za a rubuta sunansa, amma ba ta bi wannan ƙa'ida a Afirka yadda ta bi ta a Turai ba. Rahoton da hukumar da kanta ta fitar a 2021 ya amsa cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba ko kuma ba a tuna da su ba sam.

Inda ake nema

Abin da mai bincike ya fi dogara da shi shi ne lambar soja. Lambobin yabon da aka raba bayan yaƙi, wato tauraron 1914 zuwa 1915 da lambar yaƙi ta Birtaniya da lambar nasara, kowacce an buga mata lambar mai ita da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa, a gefen ƙarfen ko a bayansa. Iyalin da suka tarar da irin wannan ƙarfe a cikin adakar kakansu suna riƙe da mabuɗin binciken, domin da wannan lamba ake duba rajistar lambobin yabo da ke Ma'adanar Tarihi ta Birtaniya a unguwar Kew ta Landan. A can ne kuma littattafan aikin yau da kullum na bataliyoyi suke, sai dai su sunan hafsa suke kamawa, ƙananan sojoji kuwa a ce "mutum bakwai sun mutu" a wuce. Wanda ya sami lambar jarumtaka ya fi sauƙin ganowa, tunda ana buga sunansa a jaridar gwamnati ta London Gazette, wani lokaci har da bayanin abin da ya yi.

A gida akwai ginshiƙan tunawa da aka rubuta sunayen mamatan rundunar Najeriya a Lakwaja, Zariya, Ibadan da Kalaba, na Gwalkwas kuma a Kumasi. Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna tana da fayilolin larduna, inda batun ɗaukar soja da 'yan dako ke fitowa cikin rahotannin razdan da di'o. Ga mutanen Nijar da Chadi da suka yi wa Faransa yaƙi, ma'aikatar tsaron Faransa ta sa takardun mamatanta a intanet a shafin Mémoire des hommes, kuma takardun sukan nuna yankin da aka haifi mutum.

Kaɗan daga waɗanda aka sani

Alhaji Grunshi na rundunar Gwalkwas shi ake ɗauka a matsayin sojan Birtaniya na farko da ya harba bindiga a yaƙin baki ɗaya, a Togo cikin Agusta 1914, kafin sojojin Ingila su yi arangama da Jamusawa a Turai. Ya yi yaƙin Afirka ta Gabas, ya sami lambar jarumtaka ta soja, ya kai muƙamin samanja. Sunansa na biyu sunan al'ummar Gurunsi ne na arewacin Ghana da kudancin Burkina Faso, ba na mahaifinsa ba.

Belo Akure, wanda ya fara aiki a matsayin mai busa begila, ya zama samanjan kamfani a rundunar Najeriya, ya kuma sami lambobin jarumtaka fiye da ɗaya, ciki har da ta Afirka ta Gabas.

Labarin Chari Maigumeri, mutumin Borno, ya fi nuna yadda mutum ɗaya ke iya rabuwa tsakanin rajistar ƙasashe biyu. Ya fara soja ne a rundunar Jamusawa ta Kamaru, ya yi yaƙi da sojojin Birtaniya a Garwa, aka kama shi, sannan a 1917 ya shiga rundunar Najeriya, wato ɓangaren da ya yaƙa a baya. Ya kai babban samanjan bataliya, ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a Habasha da ƙasar Bama (Myanmar ta yau), kuma da ya yi ritaya a 1953 aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. Dubban takwarorinsa da suka zauna tare da Jamusawa har ƙarshe sun ƙetara zuwa yankin Sifaniya na Rio Muni a farkon 1916, daga can aka tsare su a tsibirin Fanando Po, saboda haka mai neman sawunsu sai ya haɗa da takardun Jamus da na Sifaniya.