Fambel: bel ɗin gaban inji da musabbabin kukansa

Fambel shi ne bel na roba da ke gaban injin mota, wanda ke ɗaukar juyin inji ya rarraba wa altaneta (mai cajin batir), famfon sitiyari, kwamfuresar AC, da kuma famfon ruwa a injuna da yawa. Sunan ya samo asali ne daga zamanin da babban aikinsa shi ne juya fankar lagireto. Yau fankar motoci da dama lantarki ke juya ta, amma a garejojin Kano sunan bai canza ba. Bai kamata a haɗa shi da taimin bel ba, wanda ke ɓoye cikin murfi yana daidaita buɗewa da rufewar bawul.

Asali da iri

Tsohon samfurin siriri ne, cikinsa ya tsuke kamar harafin V. John Gates ne ya ƙirƙiro shi a 1917 a birnin Denver na Amurka. Irinsa ne a cikin a-kori-kura Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, da tsofaffin Hilux, inda ake samun bel biyu ko uku, kowanne da abin da yake ja. Sabon samfurin guda ɗaya ne, dogo mai faɗi, cikinsa da zara-zaran layuka, bayansa sulɓi. Yana lanƙwasa ta nan ya bi ta can kamar tafiyar maciji har ya zagaye dukkan fulolin, wato ƙarafa masu kewaye da bel ke hawa yana juyawa. Ford Mustang ta 1979 ce ta fara fitowa da shi. Amfaninsa shi ne bai cin wuri, kuma akwai tenshina, wato wani fuli mai sifirin, da ke ɗame shi da kanta. Illarsa ɗaya ce, amma babba: ranar da ya tsinke, komai ya tsaya tare. Fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi nauyi, in kuma shi ke juya famfon ruwa, cikin ƴan mintuna inji ya ɗau zafin da zai iya ƙona gaskit.

A bayan kowane bel akwai lamba. In an ga 7PK1516, ma'anarsa layuka 7, tsawo milimita 1516, PK kuwa ita ce irin tsagar, wadda tazarar layi da layi take milimita 3.56. Da wannan lamba ake zuwa kasuwa, ba da sunan mota kawai ba, domin Hilux mai fetur da mai dizal ba bel ɗaya suke ɗauka ba. Masu saye a Kasuwar Ƙofar Ruwa kan tafi da tsohon a hannu a gwada. Dabara ce mai kyau, sai dai tsohon da ya sha aiki yakan ɗan saki, don haka lambar ta fi abin dogaro.

Kukan bel

Nan ne aka fi yin asara. Mota ta fara ihu da safe, sai a ce bel ya mutu, a sayi sabo, bayan sati biyu kukan ya dawo. Gaskiyar magana, bel shi ke kuka, amma sau da yawa ba shi ne mai laifin ba.

Kukan iri biyu ne. Akwai dogon ihu mai tsini da ke ɗaukar daƙiƙu, wanda ke zuwa lokacin tayar da mota, ko kunna AC, ko murɗa sitiyari har ƙarshe. Wannan zamewa ce: an ɗora wa bel nauyi, bai ɗamu yadda ya kamata ba, sai ya riƙa sulɓewa a kan fuli. Yawanci sifirin ɗin tenshina ne ya gaji. Dalilin da ya sa ya fi yawa da safe shi ne, bayan kik ya zuƙi batir, altaneta na jan ƙarfi sosai don ta mayar da cajin. Sai kuma tsuwa gajeriya mai maimaituwa, kamar ta ƴan tsaki, wadda ke bin juyin inji a silo, wato mota na kunne ba a taka totur ba. Wannan ta fi nuna cewa wani fuli ya kauce daga layin ƴan'uwansa, ko don boris ɗinsa, wato ƙwallayen ƙarfen da yake juyawa a kai, ya ci, ko don an kwance altaneta an mayar ba daidai ba.

Gwajin da ya fi sauƙi na ruwa ne. A bar mota a silo, a fesa ruwa kaɗan a cikin bel, gefen layukan. In kukan ya ƙaru, matsalar ɗauri ce. In ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, fuli ne ya karkace. In bai canza ba ko kaɗan, ƙarar ba daga roba take ba, a nemi boris. Daga nan sai a kashe mota, a cire bel, a juya kowane fuli da hannu. Mai lafiya yana juyawa shiru ba girgiza. Wanda ya lalace za a ji shi da kaushi kamar akwai yashi a ciki, ko yana rawa gefe da gefe. Fulin ƙasa, na kiranshaf, shi ma a dube shi, domin a injuna da yawa ƙarfe biyu ne da roba a tsakani, kuma in robar ta saki yana kawo irin wannan kuka.

Baƙin mai da ruwan lagireto da ke ɗiga a kan bel suna kumbura roba su sa ta sulɓi. Sabon bel a kan injin da ke yoyo, kamar zuba ruwa a kwando ne. Haka dabarun bakin titi, na goga sabulu ko kyandir ko ɗiga man birki: suna kashe ƙarar na yini guda, su kashe bel ɗin gaba ɗaya.

Yanayin Kano ma na da hannu. Ƙurar hunturu na shiga kwarin layukan tana cin roba da fuli, zafin Afrilu da kan haura digiri 40 yana busar da ita, da damina kuma motar da ta ratsa ruwan da ya kwanta a titi kan yi ihu na ɗan lokaci. Wannan na ƙarshe ba abin damuwa ba ne in ya ɗauke da bel ya bushe.

Sanin lokacin canji

Bel na da, wanda ake yi da robar niyofirin, yakan tsattsage in ya tsufa, ido ma ya isa. Na yanzu robar EPDM ce, ba ta cika tsagewa ba, sai dai ta cinye a hankali kamar tayar mota, kwarin layukan ya faɗaɗa har bel ya daina kama fuli. Shi ya sa bel kan yi kyau a ido alhali ya gama aiki. Masu ƙera shi kan ba shi tsakanin kilomita 100,000 zuwa 160,000, amma a-kori-kurar da ke jigilar buhuna daga Dawanau a kan hanyar ƙura ba za ta jira wannan lissafi ba. Gefe ya fara zare, ko guntun layi ya ɓalle, ko ciki ya yi ƙyalli kamar gilashi, duk alamun canji ne.

Yadda ake canzawa

Ana yi ne inji a kashe, ya huce, makulli a aljihu. Abu na farko, a ɗauki hoton yadda tsohon ya zagaya, ko a duba zanen da wasu motoci ke da shi a ƙarƙashin bonet. Wanda ya raina wannan mataki zai iya shafe awa yana lalube. Sai a sa doguwar sifana a kan tenshina, a tura ta ta saki, a zame bel daga fuli ɗaya, sannan a sake ta a hankali, domin sifirin ɗin na da ƙarfin da zai murƙushe yatsa. Wajen sa sabo, gefen layuka na hawa fuli mai tsaga, baya mai sulɓi na hawa fuli mai sulɓi, kuma an fi barin mai sulɓin da ke sama ya zama na ƙarshe. Kafin a tayar, a bi fulolin ɗaya bayan ɗaya da tocila a tabbatar bel bai hau gefe ba ko da layi ɗaya ne, don hakan kan yayyaga shi cikin ɗan lokaci. A motocin da ba su da tenshina mai sifirin, da noti ake ɗamewa, kuma wuce gona da iri a nan yana cinye boris ɗin altaneta da na famfon ruwa. Irin waɗannan ana sake duba ɗaurinsu bayan ƴan kwanaki, saboda sabon bel yakan zauna ya ɗan saki.