Ramukan zinari da gubar dalma a Zamfara: tambayoyi da amsoshi kan tsabtace ƙasa

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Anka da Bukkuyum ya ga ramukan da masu haƙar zinari suka bari, ga tulin niƙaƙƙen dutse a gefensu, ga tsofaffin wuraren injin niƙa da ciyawa ta fara rufewa. Masu haƙa sun tattara sun bi wata jijiyar zinarin, mutanen gari kuwa suna nan da 'ya'yansu da dabbobinsu. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin iyaye da masu unguwanni kan irin waɗannan wurare.

An daina haƙa a wurin shekara da shekaru. Har yanzu gubar ba ta mutu ba?

Ba ta mutuwa. Dalma ƙarfe ce, ba ƙwayar cuta ba, don haka zafin rana ba ya kashe ta, tsufa ba ya rage mata ƙarfi. Abin da take yi kawai shi ne sauya wuri. Da damina ruwa ya kwashe ta zuwa kududdufi da fadama, da hunturu iska ta ɗaga ta cikin ƙura ta kai ta tsakar gida. Kuma mutane sun fi tsoron ramin, alhali gubar ta fi taruwa a inda aka daka dutsen, aka niƙa, aka wanke, aka shanya. A nan ne dutse ya zama gari mai laushi, wanda ke manne wa hannun yaro mai rarrafe ya bi shi har baki.

Zinari aka je nema. Yaya aka yi dalma ta shigo har cikin gidaje?

Dutsen da ke ɗauke da zinari a wasu ramukan yankin yana haɗe da dalma mai yawan gaske. Da farashin zinari ya tashi a duniya bayan 2008, manoma da yawa suka shiga haƙa, suka riƙa kawo dutsen gida a buhu. Mata suna dakawa a turmin da ake dakan hatsi, injinan niƙa suna ta tada ƙura a tsakiyar gari, yara suna wasa a wurin.

Agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai yara suka biyo baya da amai, da ciwon ciki, da jijjiga. Aka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani bai yi aiki ba. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara, gwajin jini kuma ya nuna dalma ce. An ƙiyasta yara 400 ko fiye suka rasu, a ƙauyuka irin su Dareta, 'Yargalma, Abare, Tungar Daji, Tungar Guru, Sunke, Duza da Bagega. A 2015 irin wannan masifa ta faɗa wa Shikira a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Ido ba ya ganinta. Ta yaya ake gane ƙasar da ta gurɓata?

Sai da awo. Akwai na'urar hannu da ake kira XRF, ana ɗora bakinta a kan ƙasa ta nuna yawan dalmar nan take. A lokacin aikin tsabtace ƙauyukan Zamfara, ma'aunin da Amurka ke bi a unguwannin zama shi ne miligiram 400 a kowane kilo na ƙasa. A wasu wuraren sarrafa dutse na ƙauyukan nan an samu fiye da 100,000, wato kashi ɗaya cikin goma na ƙasar dalma ce tsantsa. Ba a auna gida a dunƙule. Ana bin ɗaki ɗaki, da madafa, da zaure, da gindin bishiyar da yara ke zama, domin wani lungu zai fito lafiya lau, taku biyar daga nan kuma abin ya yi muni.

Shi aikin tsabtacewar, me ake yi takamaimai?

Ba wani sinadari da ake fesawa gubar ta ɓace, duk wanda ya zo da irin wannan magana a yi hattara da shi. Ƙasar ake kwashewa.

Da farko sai an dakatar da daka da niƙa a cikin gari baki ɗaya, an mai da su can nesa da gidaje. A wannan mataki maganar sarki da hakimi da dagaci ta fi takardar ofis tasiri, kuma masarautu sun taka rawa sosai a 2010. Daga nan mutanen gida su fitar da kayansu. Inda awo ya haura 1,000, a kankare saman ƙasa, kimanin santimita 5 ko fiye in gubar ta nutsa, a zuba a buhu. Inda yake tsakanin 400 da 1,000, a rufe da ƙasa mai tsabta. A sake aunawa kafin a ce an gama. Sannan a kawo sabuwar ƙasa daga wurin da aka gwada aka tabbatar da lafiyarsa, a shimfiɗa, a daɓe. Ɗakunan siminti a wanke su, tabarmi da shimfiɗun da suka sha ƙura a wanke ko a sauya. Kududdufan da aka wanke dutse a cikinsu ma sai an kwashe laka, saboda daga nan ake ɗebo ƙasar tubali, kuma tubalin da aka yi da wannan laka guba ce aka gina a bango.

Ƙasar da aka kwasa ana binne ta a rami na musamman, nesa da rijiyoyi da hanyar ruwa, a rufe da ƙasa mai kauri, a sa alama. Tsakanin 2010 da 2013 an kwashe fiye da mita kubik 27,000 daga gidaje 820 da wuraren sarrafa dutse a ƙauyuka takwas, da jagorancin injiniyoyin kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith mai yaƙi da gurɓata muhalli, tare da ma'aikatar muhalli ta jiha. Abin da ya fi burge ni a wannan labari shi ne galibin aikin da hannu aka yi shi: shebur, fartanya, baro da buhu, kuma 'yan garin ne aka ɗauka aka koya musu. Lungunan ƙauye ba sa ɗaukar katafila, sannan gidan aure ba a shigarsa sai da yardar mai gida.

Me ya sa ba a fara ba yara magani ba, daga baya a zo kan ƙasa?

Wannan tambaya ta fi kowace ciwo, domin uwa ce ke yin ta da yaro a bayanta. Maganin da ake kira DMSA yana kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari, kuma ana fara ba da shi ne in awon jini ya kai maikirogiram 45 a desilita. Amma yaron da ya sha magani ya koma rarrafe a kan ƙasar da ta sa shi ciwo, kamar ɗiban ruwa ne da kwando. Shi ya sa MSF ta dage sai an tsabtace gari, sai dai yaran da ke cikin mawuyacin hali da ake kwantarwa a asibiti. Yara 2,349 aka yi wa wannan magani a shekarun aikin. Maganin yana ceton rai, amma ba ya mai da abin da dalma ta riga ta lalata a ƙwaƙwalwa. Ƙaramin yaro jikinsa yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, abin ya fi tsanani in yana da yunwa ko ƙarancin jini. Mai juna biyu ma dalmar da ta daɗe a ƙashinta tana fitowa ta isa ga ɗan cikinta.

In an tafasa ruwan rami ko na rijiyar kusa da shi, ya wadatar?

A'a. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta ne, dalma tana nan, har ma ta ƙara kauri in ruwan ya ƙone. Rijiyar da ake shakka a gwada ta, kafin nan a nemi wani ruwan.

An ce akwai tsirrai masu tsotse guba. Ba za a shuka su a huta ba?

Dalma ba ta saurin shiga jikin tsiro, kuma ƙasa mai irin wannan nauyin guba za a shafe shekaru masu yawa ba a ga canji ba. Amfanin shuka na gaskiya shi ne riƙe ƙasa, don iska da ruwa su daina kwasarta. Sai dai a killace wurin kada a yi kiwo, kada kuma a shuka abin ci.

Su ramukan fa?

A mai da tulin dutsen cikinsu in ba su kai ga ruwan ƙasa ba, a rufe da ƙasa mai tsabta. Wanda ba a kai ga cikewa ba a kewaye shi, ko da ƙaya ce, domin da damina yara na wanka a ciki, shanu na sha. Akwai kuma zaiba da ake kama zinari da ita, wadda ke zama a lakar wuraren wanki. Kada a ɗebi yashin tsohon wurin niƙa a yi ciko ko yaɓe da shi, komai kyansa da arharsa.

Wa zai biya kuɗin?

Ma'adinai a ƙarƙashin gwamnatin tarayya suke, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa mai lasisi gyara wurin da ya haƙa. Matsalar ita ce yawancin ramukan nan ba su da mai lasisi da za a kama. Labarin Bagega ya isa misali. Ƙauyuka bakwai an gama da su zuwa 2011, Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗi, yaranta ba magani. A 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, amma ba a saki kuɗin aikin ba sai farkon 2013, bayan matasan Follow the Money masu bin diddigin kuɗin gwamnati da wasu ƙungiyoyi sun matsa lamba. Garin da ke da irin wannan wuri ya fara da rubuta wa ma'aikatar muhalli da ta lafiya ta jiha ta hannun hakimi, yana neman awon ƙasa da na jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Takardar sakamako a hannu ta fi koke na baki nauyi.

Garin da aka tsabtace zai iya sake gurɓata?

Ƙwarai kuwa, kuma buhu ɗaya na dutse ya isa ya ɓata gidan da aka sha wahala a kansa. An hana haƙa a Zamfara a 2019 saboda matsalar tsaro, aka ɗage haramcin a ƙarshen 2024, kuma ba na jin akwai mai tunanin mutum zai bar zinari alhali gona ba ta ciyar da shi. Abin da za a iya riƙewa shi ne dutse ya tsaya a daji, a niƙa shi da ruwa maimakon a bushe, yara kada su kai tallar abinci wurin injin. Mai aiki ya yi wanka a can, ya bar rigar aiki da takalminsa a can, ya sa wasu kafin ya shigo gida ya ɗauki ɗansa.