Niyuroloji: Me Kalmar Ke Nufi, Kuma Me Ake Yi wa Mutum a Ɗakin Wannan Likita?

Ranar da likita ya gama duba mutum, ya ja takarda ya rubuta, ya ce, "Sai ka je ka ga likitan niyuroloji," sau da yawa gaban mutum faɗuwa yake yi. Wani ya ɗauka an hango ƙari a kansa. Wani kuma da aka fassara masa da "likitan ƙwaƙwalwa" sai ransa ya ɓaci, a zatonsa ana nufin hankalinsa ya taɓu. Alhali galibin masu zama a bencin wannan sashe ciwon kai ne ya kawo su, ko sagewar hannu, ko jiri, ko faɗuwar da aka rasa dalilinta.

Kalmar daga Girkanci ta fito, ma'anarta nazarin jijiyoyi. Wani likitan Ingila, Thomas Willis na Oxford, shi ya fara amfani da ita a littafinsa kan ƙirar ƙwaƙwalwa a 1664. Wani abin sha'awa, kalmar "neuron" a bakin Girkawan da tana nufin agara, tana nufin tsirkiyar baka, duk dai abin da yake siriri mai tauri. Ashe ruɗanin da muke da shi a Hausa su ma sun yi shi. Mu a wajenmu wadda ake soka wa allura a ɗebi jini jijiya ce, wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ce, har saiwar itace jijiya muke ce mata. To, wadda wannan likita yake nufi daban ce: farar jijiya ce da jini ba ya gudu a cikinta, saƙo take ɗauka, kamar wayar lantarki. Guda goma sha biyu-biyu ne, ta dama da hagu, suka fito kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, su ke kula da gani da ji da ƙamshi da motsin fuska da haɗiya. Wasu talatin da ɗaya-ɗaya kuma sun fito ta dama da hagu daga laka, wato igiyar nan da ta bi ta cikin ƙashin baya, suka bazu har yatsun ƙafa. Ƙwaƙwalwa da laka da waɗannan jijiyoyi da tsokar da suke ba umarni, su ne gonar likitan niyuroloji.

Shi ba ya fiɗa. Idan abu ya kai ga buɗe kai ko ƙashin baya, akwai likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, shi ake tura wa. Ba kuma shi ne mai kula da damuwa da taɓin hankali ba, wannan ma da nasa likitan, ko da yake ayyukansu na haɗuwa a wurare kamar ciwon mantuwa. Nasa aikin shi ne farfaɗiya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon kai mai dawowa irin na ɓari ɗaya, karkarwar hannu da sanyin motsi irin na cutar Parkinson, zugi da sagewar ƙafafu, raunin tsoka, da makamantansu.

Yawancin marasa lafiya suna shiga ne da buri ɗaya: a yi musu hoton kai. Suna ganin idan ba a tura su cikin na'ura ba, ba a yi komai ba. Sai ga likita ya zauna ya kafe su da tambayoyi na kusan rabin awa, har mutum ya fara ƙosawa. A ganina a nan ne aka fi rashin fahimtar wannan fanni, domin hirar nan ita ce babban gwajin. Likitan yana neman amsar tambaya biyu ne a jere: ina matsalar take, sannan mece ce. Ta farkon ce ta bambanta shi da sauran likitoci, saboda a jikin jijiya, inda ake jin ciwo ba lallai nan ne ciwon yake ba.

Ɗauki mutum uku da kowannensu ya ce hannunsa ya sage. Na farko ya ce babban yatsa da manuni da na tsakiya ne, kuma cikin dare abin ke tashinsa har sai ya yarfa hannun. Wannan jijiya ce ta matsu a wuyan hannu. Na biyu ya ce zugin daga wuya yake saukowa, idan ya yi tari ko ya juya kai sai ya ji kamar an ja masa wuta har yatsu. Nasa a ƙashin wuya yake. Na uku ya ce farat ɗaya hannun dama ya mutu, cokali ya suɓuce, kuma magana ta harɗe masa na 'yan mintoci. Wannan hannunsa lafiya lau, matsalar tana ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, domin kowane ɓari na ƙwaƙwalwa ɗaya ɓarin jikin yake sarrafawa, kuma a yawancin mutane cibiyar magana a hagu take. Ƙorafi iri ɗaya, wurare uku, kuma labarin ne kaɗai ya raba su. Da an yi wa na farkon hoton kai, da an yi asarar lokaci a banza.

Saboda haka za a tambaye ka yaushe abin ya fara, kuma yaya ya fara. Abin da ya faɗo cikin daƙiƙa yakan nuna jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe. Wanda ya ɗauki kwanaki yana ƙaruwa yakan nuna kumburi ko ƙwayar cuta. Wanda ya yi watanni ko shekaru yana rarrafe kuma wani abu ne daban. Amsar "ai ya daɗe" ba ta taimakon kowa. Gara ka jingina shi da wani abin da kake tunawa, ka ce kafin haihuwar yarinyar nan ne, ko bayan na canja aiki. Haka nan kalmar "jiri". Wani yana nufin ɗaki na juya masa, wani yana nufin duhu-duhu yake gani idan ya miƙe, wani kuma ƙafafunsa ne ba sa riƙe shi. Kowanne da inda ya dosa. Za a tambayi hawan jini, ciwon suga, barci, taba, barasa, buguwar kai a baya, da ko akwai mai irin ciwon a dangi. Faɗin gaskiya a nan ya fi kunya amfani.

Mai faɗuwa ko suma kuwa, kada ya je shi kaɗai. Shi bai san abin da ya faru ba, sai dai ya ce ya farka ya ga mutane a kansa. Wanda ya gani da ido shi ke da labarin: jikin ya sandare ne ko ya saki, an yi fizge-fizge, ido a buɗe yake ko a rufe, ya ciji harshe, fitsari ya kuɓuce, minti nawa aka yi, kuma da ya farfaɗo ya gane mutane nan take ko sai da ya daɗe a ruɗe. Idan wani ya ɗauki bidiyo da waya bayan an tabbatar an kawar da abin da zai ji masa rauni, wannan bidiyon kan fi hoton na'ura amfani. A kuma tafi da kwalayen duk magungunan da ake sha, har wanda aka saya ba da takardar likita ba, da sakamakon gwaje-gwajen baya. Mai ciwon kai ya riƙa rubuta ranakun da ciwon ya zo da ranakun da ya sha magani. Dalili kuwa, maganin ciwon kai kansa, idan ana shan sa kwana goma sha biyar ko fiye a wata, yana iya zama shi ke riƙe da ciwon.

Daga nan sai dubawa, wadda wanda bai sani ba zai ɗauka wasan yara ne. Tun shigowarka likitan ya fara aiki: yadda kake ɗaga ƙafa, ko hannu ɗaya ba ya lilo, ko fuska ba ta motsi idan kana magana. Zai haska maka tocila a ido, ya ce ka bi yatsansa da kallo ba tare da juya kai ba. Zai ce, "Baba, ku ɗaga gira. Ku runtse ido da ƙarfi. Ku nuna mini haƙora. Ku fito da harshe." Ɗaga girar nan ba a banza ba ne. Idan baki ya karkace amma goshi yana tattarewa ta ɓangarorin biyu, an fi zargin ƙwaƙwalwa. Idan kuwa duk ɓarin fuskar ne ya mutu har goshi, ido ba ya rufuwa, an fi zargin jijiyar fuskar kanta, kuma wannan galibi yana warkewa.

Zai ce ka ture shi, ka ja shi, ka matse masa yatsu, yana ba kowace tsoka maki daga sifili zuwa biyar. Zai ɗauko 'yar gudumar roba ya ƙwanƙwasa ƙasan gwiwa, ƙafa ta harba da kanta. Zai ja wani abu mai ɗan tsini a tafin ƙafarka yana kallon babban yatsa: a babba mai lafiya ƙasa yake lanƙwashewa, idan ya ɗaga sama alama ce ta matsala a laka ko ƙwaƙwalwa. Likitan Faransa Joseph Babinski ne ya bayyana wannan a 1896, kuma har yau ba a daina ba. Akwai auduga da tsinke don gwada ji, da wani ƙarfe mai baki biyu da ake kaɗawa a ɗora kan ƙashi a ce, "Kina jin yana rawa?" Za a ce ka taɓa hancinka sannan yatsan likita, ka yi tafiya dunduniya na taɓa yatsu, ka tsaya ƙafa a haɗe ido a rufe. Don haka sutura mai sauƙin naɗewa da takalmi mai sauƙin cirewa sun fi dacewa da ranar. Wani lokaci kuma a tambayi dattijo mai ilimi yau wace rana ce, ko a ba shi kalmomi uku a ce ya maimaita bayan minti biyar, ko ya zana agogo. Ba raini ba ne, kowa haka ake masa. 'Ya'yan da suka rako shi su daure kada su amsa masa.

Sai bayan duk wannan ne ake zancen na'ura, idan ma akwai buƙata. Hoton CT, wanda aka fara gwadawa kan mara lafiya a Landan a 1971, yana da sauri, kuma shi ya fi saurin nuna zubar jini a kai. MRI ya fi fito da ƙananan abubuwa a ƙwaƙwalwa da laka, sai dai ana daɗewa kwance cikin wani kwararo mai ƙara, kuma da yake maganaɗisu ne mai ƙarfi, dole mai batirin zuciya ko wani ƙarfe a jiki ya faɗa tun kafin a shiga. EEG kuma, wanda Bajamushe Hans Berger ya fara ɗauka a jikin mutum a 1924, wayoyi ne ake mannawa a fatar kai. Mutane na tsoron za a ja musu wuta, alhali na'urar saurare kawai take yi, tana rubuta lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa da kanta. Abin da ake so shi ne a zo da gashi wankakke ba mai. Wanda ake ɗan jin fizga a cikinsa shi ne gwajin saurin saƙo a jijiyoyin hannu da ƙafa, shi ma na ɗan lokaci ne.

Wanda ya fi kowanne baƙin jini shi ne ɗibar ruwan baya. Mutane da yawa sun yi imani yana gurgunta mutum. A jikin babba, laka tana ƙarewa ne a saman ƙugu, allurar kuma ƙasa da nan ake sa ta, inda ruwa ne da silin jijiyoyi masu kaucewa. Abin da ya fi faruwa bayansa ciwon kai ne da ke lafawa idan an kwanta. Mai sanƙarau da aka yi masa gwajin sannan ya nakasa, cutar ce ta yi masa, ba allurar ba.

Wani abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne a ce hoto ya fito lafiya alhali suna shan wahala. Mai ciwon kai na ɓari ɗaya hotonsa lafiya yake fitowa. Mai farfaɗiya ma yana iya yin EEG a ga ba komai, tunda ba a lokacin tashin ciwon aka ɗauka ba. Cutar Parkinson kuwa da labari da dubawa ake gane ta. Haka kuma hoton mai shekaru yakan nuna 'yan ɗigo-ɗigo farare da ba su da alaƙa da abin da ya kawo shi, shi ya sa karanta rahoton kai kaɗai a gida ba ya haifar da komai sai rashin barci.

Ba kullum ake fita da sunan cuta a zuwan farko ba. Wasu cututtukan sai an ga yadda suka tafi cikin watanni. Magungunan fannin kuma da kaɗan ake farawa a riƙa ƙarawa, wasu sai sun yi makonni kafin a ga aikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa idan aka gano cutar aka ba su maganin da ya dace. Sharaɗin shi ne ba a yanke maganin farat ɗaya don an ga sauƙi. Mace mai ciki ko mai shirin ɗauka ta faɗa wa likita tun da wuri, domin wasu magungunan, musamman valproate, suna cutar da ɗan tayi, kuma akwai madadinsu. Mai faɗuwa ya tambayi batun tuƙi, iyo, hawa sama da aiki kusa da wuta kafin ya bar ɗakin.

Akwai dai abubuwan da ba a jira musu ranar ganin likita. Baki ya karkace farat ɗaya, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta harɗe, ko gani ya ɗauke. Ciwon kai mai tsanani da ya faɗo lokaci guda irin wanda ba a taɓa ji ba. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Fizge-fizgen da ya wuce minti biyar. Ciwon baya da ya zo da mutuwar ƙafafu da kasa riƙe fitsari. Waɗannan sashen gaggawa ake kai su nan take, ko da alamar ta wuce da kanta. Allurar narkar da gudan jinin da ya toshe ƙwaƙwalwa cikin awa huɗu da rabi na farko aka saba bayar da ita, kuma sai an yi hoto an tabbatar ba zubar jini ba ne. Tambayar farko da za a yi wa wanda ya kawo mara lafiyar ita ce, ƙarfe nawa aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya.