Ƙin tashin kanel a wasu kwamfutoci

Kanel shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, shi ke magana kai tsaye da firosesa da RAM da faifan ajiya da katin hoto. A Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, ana yawan samun kanel ɗaya ya tashi lafiya lau a wannan kwamfuta amma a waccan ya tsaya cak, allo ya yi baƙi ko ya cika da rubutu ya daskare.

Yawanci matsalar tana tsakanin kanel ne da BIOS ko UEFI, wato ƙaramar manhajar da ke cikin madabod wadda ke fara aiki da an kunna kwamfuta. Tsarin ACPI da ya fito a 1996 shi ke gaya wa kanel abin da ke cikin na'ura da yadda zai sarrafa wuta, to kamfanoni da yawa da Windows kawai suke gwada nasu, in akwai kuskure a ciki sai Linux ya zo ya ci karo da shi. Direban katin hoto, wato manhajar da kanel ke sarrafa katin da ita, shi ma na kawo haka, musamman na Nvidia, sai Secure Boot, tsarin tsaro na UEFI da ke hana direban da ba shi da sa hannun dijital aiki.

Matakin farko shi ne a ga saƙon da kanel ya tsaya a kai, don gyara ba tare da an gan shi ba lalube ne a duhu. A menu na GRUB, wanda ake zaɓar kanel a cikinsa kafin Linux ya tashi, ana danna e, a nemo layin da ya fara da linux, a goge quiet splash sannan a danna F10, rubutu zai riƙa zubowa har inda ya maƙale. In allo ne ke mutuwa a tsakiya sai a ƙara nomodeset a layin, in tun farko yake tsayawa a gwada noapic ko acpi=off, amma ɗaya bayan ɗaya fa, wanda ya zuba su duka ko ta tashi ba zai san wanne ya yi aiki ba. Shi acpi=off ɗin na gwaji ne kawai, yana ɗauke bayanin batir, kuma kwamfuta ba ta kashe kanta yadda ya kamata.

In saƙon ya ce Unable to mount root fs, kanel bai ga faifan ba ke nan. Ko initramfs, ƙaramin fayil ɗin da kanel ke fara amfani da shi don ya kai ga faifan, ba shi da direban faifan, ko ya lalace saboda an ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa, ko kuma saitin faifai a BIOS na kan RAID maimakon AHCI. Wasu tsofaffin laftof masu firosesa Pentium M su kuma sai an ƙara musu forcepae a layin nan na linux kafin su tashi.

In da kwamfutar tana tashi sai bayan sabuntawa ta ƙi, a zaɓi tsohon kanel a Advanced options na GRUB. Masu rubuta kanel suna bin irin wannan da git bisect, suna raba canje-canje gida biyu suna gwadawa, gwaji 14 ya isa a zaƙulo mai laifi cikin canji 10,000.