Dirty COW: raunin tsaro a kanel ɗin Linux

Dirty COW rauni ne na tsaro a kanel ɗin Linux, wanda aka bayyana a watan Oktoba 2016 da lambar rajista CVE-2016-5195. Kanel shi ne zuciyar tsarin aikin na'ura: shi ke raba wa manhajoji ƙwaƙwalwa, shi ke kuma yanke wa aka yarje wa taɓa wane fayil. Tun da a kan Linux aka gina Android, matsalar ta shafi har wayoyin da ke hannun jama'a a Damagaram.

Asalin raunin wata dabarar tattali ce da ake kira copy-on-write (COW), wato yin kwafi sai lokacin rubutu. Idan manhajoji biyu suna karanta abu ɗaya, kanel ba ya yi wa kowacce kwafi sai lokacin da ɗaya ta zo yin rubutu. A nan maharin ke shiga. Yana sakin ayyuka biyu su yi tsere, ɗaya yana rubutu, ɗaya yana ta umartar kanel ya jefar da kwafin. Ana maimaitawa sau dubbai har a dace rubutun ya sauka kan fayil na asali, wanda karantawa kaɗai aka yarda a yi. Ta haka mai amfani da ke da ƙaramin izini kan mallake na'urar baki ɗaya.

Wajen auna haɗari, masana kan duba ko za a iya kai hari daga nesa, da irin ikon da mahari zai samu. Wannan raunin ba ya aiki sai an riga an samu ƙofar shiga na'urar, abin da ya ɗan rage masa nauyi. Amma Phil Oester, wanda ya gano shi, a kan sabarsa (kwamfutar da ke hidimta wa wasu ta intanet) ya tarar ana amfani da shi, kuma kuskuren yana nan tun sigar kanel ta 2.6.22 da ta fito a 2007, shekara tara ke nan ba a rufe ba.

Gyaran layuka kaɗan ne. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya rubuta cewa ya taɓa gwada toshe shi a 2005, aka janye gyaran domin ya kawo matsala a na'urorin s390 na IBM. Sigogin 4.8.3 da 4.4.26 sun fito da maganin.

Wahalar ita ce isar da shi. Google ta saka gyaran a Android a ƙarshen 2016, sai dai dole ya bi ta hannun kamfanin da ya ƙera waya, kuma wayoyi masu araha da na hannu, irin waɗanda ake saye a Kasuwar Dole ta Damagaram, da yawa sun daina samun sabuntawa da wuri. Wannan abin damuwa ne ƙwarai, domin a 2017 an gano wata muguwar manhaja mai suna ZNIU tana amfani da raunin a wayoyin Android. Mai gyaran waya zai iya dubawa a cikin saitin wayar, wajen bayaninta, inda aka rubuta kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. Idan ya gaza Disamba 2016, akwai yiwuwar ƙofar tana buɗe.