Matsalar sanyaya tukwanen nukiliya a tashar Fukushima

Fukushima Daiichi tashar wutar lantarki ce ta nukiliya da ke gaɓar tekun Fasifik a arewa maso gabashin Japan, mallakar kamfanin TEPCO. Hatsarin da ya auku a cikinta a shekarar 2011 shi ne mafi muni tun bayan na Chernobyl a 1986, kuma tushensa rashin ruwan sanyaya tukwane ne, wato manyan mazuban ƙarfe da ake samar da zafin nukiliya a cikinsu.

Ko an kashe tukunyar nukiliya, zafinta ba ya yankewa. Sandunan yuraniyom da ke cikinta suna ci gaba da fitar da zafi, kimanin kashi 6 cikin 100 na ƙarfin tukunyar da farko, sannan ya sauka zuwa kusan kashi 1 bayan 'yan sa'o'i. Wannan ɗan kason ma ya isa ya ƙafar da ruwa, sandunan su narke. Dole ne famfunan ruwa su ci gaba da aiki, su kuwa sai da lantarki.

Ranar 11 ga Maris girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta katse layukan wutar tashar. Tukwane uku da ke aiki suka kashe kansu, janaretocin dizal suka tashi. Bayan kimanin minti 50 igiyar tsunami mai tsayin kusan mita 14 ta afko, alhali tanadin da aka yi na mita 5.7 ne. Yawancin janaretocin suna ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, kuskuren da ya fi kowane tsada, domin ruwa ya shanye su. Ma'aikata suka koma ciro baturan motoci don karanta ma'aunai, ana tura ruwan teku da motocin kashe gobara. Shugaban tashar, Masao Yoshida, ya ƙi dakatar da ruwan tekun duk da umarnin hedikwata, ya kuwa yi daidai.

Duk da haka sandunan tukwane ukun sun narke. Ƙarfen da ke lulluɓe da su ya haɗu da tururi ya haifar da iskar haidirojin, wadda ta fasa gine-gine uku tsakanin 12 da 15 ga Maris. An kwashe mutanen da ke cikin kewayen kilomita 20.

Har yau ana zuba wa narkakken makamashin, wato sandunan da suka narke, ruwa. Gurɓataccen ruwan ya cika tankuna fiye da 1,000, kuma a Agustan 2023 aka fara sakinsa cikin teku bayan tacewa. An ƙiyasta narkakken makamashin ya kai tan 880; samfurin farko da aka ciro a Nuwamban 2024 bai kai giram ɗaya ba.