Tambayoyin da ɗalibai ke yi mini kullum kan lissafi, fizik da rubuta manhaja

Na daɗe ina zama da ƴan lise bayan la'asar a nan Tawa, kuma kowace shekara tambayoyin nan ne ke dawowa. Na tara su wuri guda. Wanda ya sake aiko mini ɗaya daga ciki ta WhatsApp, wannan rubutun zan tura masa.

Mushe, ga hoton aikin da aka ba mu, a taimaka a yi mini.

A'a. Aiko da abin da ka gwada a kayenka, ko layi biyu ne, ko duk kuskure ne. Daga nan zan kama.

Kalkiletata ta lalace, sin 30 tana ba ni −0,988.

Lafiyarta lau. Tana kan radiyan ne, wato wani ma'aunin kusurwa daban da digiri. Mai da ita digiri, za ka ga 0,5. Ka riƙa duba ɗan harafin da ke saman allonta, D ne ko R, musamman ranar BAC.

Mushe, ni fa ba ni da kan lissafi.

Wa ya faɗa miki haka, ƴata? Ke da kike zama rumfar innarki, a ce miki dala tamanin, kafin a rufe baki kin san faran 400 ake nufi. Abin da kika yi shi ne y = 5x, x dala, y faran, ba ki dai rubuta shi ba. Kanki ƙalau yake. Harafin x ne ke ba ki tsoro, shi kuwa sabo ke kashe wannan tsoron. Ki kwantar da hankalinki.

Na samu lambar daidai, amma an rage mini maki.

Saboda ka rubuta 20 ka tsaya. Ashirin ɗin me? Awaki? Mota mai gudun kilomita 72 a awa, ka raba da 3,6 ka samu mita 20 a daƙiƙa, sai ka rubuta m/s. Na faɗa har muryata ta dushe.

Ba ni da kwamfuta, waya kaɗai gare ni. Zan iya koyon rubuta manhaja?

Wannan ita ce tambayar da nake jin nauyinta, don ba na son in yi maka alƙawarin ƙarya, ba na kuma son in kashe maka gwiwa. Za ka iya farawa. Ko za ka yi nisa, wannan ya danganta da wayar, da haƙurinka, da kuma inda kake son kaiwa.

In Android ce, akwai manhajar Pydroid 3, wadda ke tafiyar da Python, wani yaren rubuta manhaja. Da zarar ka sauke ta, aikin farko-farko ba ya buƙatar intanet. Sai dai tana cin wuri, ƙaramar waya da ta cika da bidiyo za ta iya wahala da ita, wataƙila sai ka share wasu abubuwa.

Ga aikin da nake fara ba kowa. Ka jefa ɗan dutse a rijiya (wadda aka daina sha, kada ka jawo mini faɗa da mutanen unguwa), ka auna daƙiƙoƙin da ya yi kafin ka ji ƙararsa. Zurfin shi ne rabin g sau t sau t: t daƙiƙoƙin da ka auna ne, g kuwa, wato ƙarfin jan ƙasa, 9,8 ne. Daƙiƙa 3 za ta ba ka kusan mita 44. Layi huɗu sun isa a Python. A nan ne kuma kowa ke tuntuɓe, domin a lakwal da waƙafi muke rubuta 9,8, Python kuwa ɗigo yake so, 9.8. In ka sa waƙafi ba zai yi magana a wannan layin ba, sai ka zo ninkawa da 0.5 ya watso maka saƙon kuskure da Turancin Ingilishi, kai kuma Faransanci ka karanta. Na ga yaro ya kwana biyu a kan wannan waƙafin, har ya fara cewa abin ba nasa ba ne. Wayar ma tana da nata halin: tana mai da umarnin print zuwa Print da kanta, Python ya ce bai san wannan sunan ba. Kashe gyaran rubutu na wayar tun farko.

Mita 44 ɗin ma ba ita ce gaskiyar ƙarshe ba. Ƙara na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, kuma sai ta hauro kafin ka ji, don haka zurfin ya fi kusa da mita 41. Ranar da ka gyara manhajarka ta lissafa wannan da kanta, ka koyi fizik da Python a zama ɗaya.

To amma har zuwa ina? A ganina waya za ta kai ka ƴan watannin farko: sharaɗi, maimaici, ƙananan ayyuka. In rubutun ya wuce layi ɗari, allon ya yi maka kaɗan, yatsa ya gaji. Akwai masu jurewa fiye da haka, na gani, amma ba su da yawa. In burinka karatun kwamfuta ne a Jami'ar Djibo Hamani ko ta Abdou Moumouni a Yamai, ka fara tara kuɗin kwamfuta ta hannu tun yanzu, kuma kafin ka biya ka cire ta daga wuta ka ga minti nawa baturinta zai riƙe. Kafin nan, ka rubuta manhajar a kaye da bik, ka bi ta layi-layi da kanka, sannan ka shigar a waya.

ChatGPT ya ba ni amsa, in kwafa?

Rufe wayar ka sake yin aikin a farar takarda. In ka kasa, ba ka gane ba tukuna, kuma ɗakin jarrabawa ba a shiga da waya.

Wane ɓangare zan zaɓa a lise, C ko D?

In lissafi da fizik ne ke hana ka barci don daɗi, C. In ilimin halittu ya fi jan ka, D. Kada ka zaɓa don abokinka ya zaɓa, kuma ka kawo mini takardar makinka ta bana in gani kafin ka cike komai.